Baƙon da ke Kwance a Tumfure

Ni ne na yi kuskure, kuma gara in faɗa tun kafin in shiga labarin hanya. Kusan shekara ashirin ina gaya wa duk wanda ya tambaya cewa yayana guduwa ya yi. An sayar da bijimin gidanmu an saya masa babur, ya tafi Gombe yin acaɓa. Ya leƙo gida 'yan lokuta, daga nan sai shiru. Ni na ce ya sayar da babur ɗin ya yi Kudu. Ban gani ba, ba wanda ya gaya mini. Haushi ne kawai, don ni na so a ba wa babur ɗin. Da Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya ce a je a nemo shi, ni na hana. Na ce ai ba yaro ba ne, ya san hanyar gida.

Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne shirun Inna. Yaya shi ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inda ake zancensa. In ya zama dole sai ta ce "wancan". Na san wannan al'ada tun ina yaro, amma da ya ɓace sai na ɗauki shirunta a kan ta yarda da maganata.

A watan jiya aka yi wata cigiya a rediyo. Wata mata ta sayi fili a Tumfure, magina suka tarar da tsohon kabari a ciki. An ce na wani saurayi ne da aka tsinci gawarsa shekaru da yawa da suka wuce, an kashe shi, ba a san ko waye ba. Alamar da aka tuna ita ce yana da cindo, wato ƙaramin yatsa na shida, a hannun hagu. Yaya yana da shi. Inna ce ta ji sanarwar. Ta aika aka kira Kawu, ta ce masa, "Ka ji abin da aka faɗa? A kai ni." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke gefen Misau, mu uku. Motar da muka samu ƙarama ce, amma direban ya ɗauke ta tamkar tirela. Buhunan wake a baya, kaji a ƙarƙashin kujera, mu kuma mutum huɗu a wajen zaman mutum uku. Kawu ya yi ta gardamar kuɗin mota har direba ya tambaye shi ko rabonsa da tafiya tun kafin man fetur ya san darajar kansa. Aka yi dariya. Inna ba ta yi ba. Ta zauna jikin taga da ƙullin kayanta a cinya.

Kaka ce, don haka hanya ta yi kyau da ido. Daga Kari zuwa Darazo gero ne a jingine kashi-kashi, ga riɗi an ɗaure shi a tsaye yana shan rana. Bayan Darazo sai kwalta ta fara wasa da mu, wani wurin sumul, wani wurin rami yana miƙa ka ga ɗan'uwansa. Muka haye gadar kogin Gongola, ruwa ya fara ja baya, shanu suna sha a bakin yashi. A nan ne abin ya fara taɓa ni. Ta wannan gadar Yaya ya bi a kan sabon babur ɗinsa. Na tuna ranar da ya tafi, ya ɗaure tabarma da buta a baya, ya ce in ya dawo zai koya mini tuƙi. Ban ko fito na raka shi ba.

A Dukku muka tsaya. Fura da nonon garin ba su da tsara, mai kauri, da sanyin ƙwarya. Na saya wa Inna, ta kurɓa kaɗan ta miƙa wa wata yarinya da ke kusa da ita a mota. Na so in yi mata magana a nan, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko ƙafarta ta yi tsami. Ta ce a'a.

Wanda bai taɓa zuwa Gombe ba, garin a cikin kwari yake. Kana gangarowa sai ka gan shi shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano yana walƙiya har gindin duwatsu. Muka sauka a tasha cikin hayaniyar 'yan acaɓa, kowa yana kiran fasinja. Yawancinsu samari ne, sa'o'in Yaya a lokacin da ya zo. Na lura Inna tana bin fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sai ta sauke kai.

A Jekadafari muka sauka, gidan wani tela mutumin garinmu. Unguwa ce mai lunguna, masallaci kusa da masallaci, shago jikin shago. Matarsa ta kawo mana masa da miyar taushe, irin masar da ke sa mutum ya manta da kunya. Kawu ya ci tasa ya taya Inna cin tata.

Washegari muka fara zuwa ofishin 'yan sanda, kamar yadda sanarwar ta ce. Wani jami'i mai furfura ya karɓe mu da mutunci. Ya dubi Inna ya ce, "Mama, mene ne sunan ɗan naki?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Jami'in ya dube ta, ya dube mu, sai ya sassauta murya.

"Na fari ne?"

Kawu ya ce, "Na fari ne, ranka ya daɗe. Usmanu sunansa."

A wannan lokacin na gane abin da ban gane ba duk shekarun nan. Matar da ba za ta iya faɗin sunan ɗanta a gaban hukuma ba ko da ta zo neman gawarsa, ta yaya za ta tashi a tsakar gida ta ce a je a nemo mata shi? Jira take yi wani ya faɗa a madadinta. Kawu ya faɗa, ni na toshe bakinsa.

Jami'in ya ce akwai hoton da aka ɗauka ranar da aka tsinci gawar, amma ba abin da uwa za ta kalla ba ne. Inna ta juya ta fuskanci bango. Ni na karɓa. Fuskar ta canza, ba zan iya rantsuwa a kanta ba. Hannun hagu kuwa ga cindo nan a fili. Sai rigar. Tawa ce, shadda mai ruwan ƙasa da aka ɗinka mini da wata Salla, ga tabon da na yi mata da dutsen guga a bakin aljihu. Aro ya yi a zuwansa na ƙarshe. Shekara da shekaru ina lissafa rigar nan cikin abubuwan da ya gudu da su.

Na ce, "Shi ne."

Jami'in bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a ganinsu wasu ne suka ɗauke shi haya zuwa bayan gari, suka soke shi suka tafi da babur ɗin. A lokacin an yi cigiya, ba wanda ya zo. Samun waɗanda suka aikata bayan wannan tsawon lokaci abu ne mai wuya, amma aƙalla yanzu mamacin yana da suna. Wata ma'aikaciya ta goga auduga a cikin kumatun Inna, aka ce za a gwada da ƙashin mamacin don a tabbatar a hukumance. Mu dai mun riga mun sani.

Daga nan muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Tumfure. Tafiya ce mai tsawo, ta hanyar Bauchi. Mai keken ya yi ta ba mu labarin yadda fili ya yi tsada, wai inda da ake kai mutum ya yi noma kyauta yanzu sai mai babbar riga. Gaskiyarsa ce. Unguwar rabi gari ce rabi gona. Ga katafaren gida da tankin ruwa a sama, jikin katangarsa kuma dawa ce ta sunkuyar da kai. Bulo a ko'ina, yashi a ko'ina.

Mai filin malamar makaranta ce, Kirista, mutuniyar wajen Kaltungo. Ta fito da kanta ta tarye mu, ta durƙusa ta gai da Inna. Ginin nata ya kai taga, amma an tsayar da aiki a kusurwa ɗaya, inda aka jera duwatsu a kan wani ɗan tudu. Ta ce magina sun ba ta shawarar a zuba kankare a wuce, ba wanda zai sani.

"Na ce musu ni zan sani. Mama, ni ma ina da ɗa a makaranta a wani gari. In bai ɗauki waya ba yini ɗaya, abinci ba ya shiga cikina."

Ita ta nemo tsohon da ya sayar mata da filin, ita ta je wurin 'yan sanda, ita ta kai cigiya gidan rediyo. Baƙuwa, wadda ba ta taɓa ganin Yaya ba. Na tsaya a gabanta ina jin kamar in nutse cikin yashin ginin.

Aka kira tsohon. Bafulatani ne, siriri, yana dogara sanda. Shi ya tsinci gawar da damina, yana shigowa gona. Ya ce jikin ya riga ya fara lalacewa, shi ya sa hukuma da mai unguwa suka ba da izini a rufe shi a nan. Tun daga ranar bai ƙara sa garma a wannan kusurwar ba. Da zai sayar da gonar 'ya'yansa ne suka yi cinikin, shi yana kwance ba lafiya, maganar kabarin ta faɗi a tsakani.

"Baƙona nake ce masa," in ji shi. "In na zo gona nakan yi masa sallama. Na ce wannan yaron yana da uwa a wani wuri."

Inna tana tsaye daga nesa, jikin wata bishiyar darbejiya, ba ta matso ba. Sai ta yi wa tsohon magana da Fulatanci, harshen iyayenta, a hankali. Tambaya ɗaya ta yi, ko an samu masu yi masa salla.

Ya ce, "Duk wanda ke gona ranar ya ajiye fartanya ya zo. Har da waɗanda ba Musulmi ba, sun tsaya a gefe har muka gama. Su suka taya mu haƙa."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallon duwatsun. Ba ta yi kuka ba.

Malama ta ce in muna so za ta ja katanga ta bar kabarin inda yake, ta haƙura da ɗaki ɗaya. Limamin unguwar kuma ya ce babu laifi a mayar da shi maƙabarta. Kowa ya juya ga Inna. Kawu ya ce wa yayar tasa, "Adda, ke za ki faɗa."

Ta ce, "A kai shi cikin mutane. Ya daɗe shi kaɗai."

Haka aka yi, bayan hukuma ta gama nata aikin. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Mutumin da yake ɗaga ni sama da hannu ɗaya in na yi masa rashin kunya.

Mun juyo gida ta hanyar da muka bi. Ramukan suna nan inda muka bar su, farashin mota ya ƙaru a 'yan kwanakin da muka yi, Kawu kuwa ya biya ba gardama. A kan gada na so in yi wa Inna magana, na kasa. A Darazo ma haka. Muka isa gida da la'asar, aka shimfiɗa tabarmi, aka fara karɓar gaisuwar da ya kamata a yi tun ina saurayi. A masallaci na miƙe na gaya wa jama'a cewa duk abin da suka ji daga bakina game da Usmanu ƙarya ne, ni na ƙirƙira. Wannan bai yi mini wuya ba kamar abin da ya rage.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In naku ya ɓace, ku nema, ko da kuna fushi da shi. Akwai kaburbura irin wannan a gefen gonaki da bayan garuruwa, kowanne da mai jiransa. Kuma in kuna da tsohuwa a gida wadda ba ta magana, kada ku ɗauka ba ta da abin faɗa.

Sai da masu gaisuwa suka ragu na same ta. Tana zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi, tana tsince wake a faifai. Na cire takalmi na durƙusa. Ba ta ɗago ba, amma hannunta ya tsaya.

Na ce, "Inna, ni na raba ki da shi sau biyu. Na hana a neme shi, na kuma ɓata masa suna a gabanki, alhali na san ba za ki iya buɗe baki ki kare shi ba. Bai gudu ba. Bai manta da ke ba. Shi ba zan iya roƙonsa ba sai a Lahira. Ke nake roƙo. Don Allah, Inna, ki yafe mini."