Sun Jefa Ƙuri'a da Sunan Mamaci

Jiya ina sauke fasinja a unguwar Al Thumama da ke Doha saƙo ya shigo wayata: sakamakon zaɓen wakilin tsofaffin ɗalibai a kwamitin amintattun jami'armu ta gida, haɗe da jerin waɗanda suka yi zaɓen. Ina dubawa sai ga sunan dattijon reshen ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai na Doha, wanda muke kira Baba, mutumin da muka binne shekara biyu da suka wuce. Wai ya jefa ƙuri'a. Sai da na gangara gefen titi na tsaya.

Baba mai gadi ne. In za a yanke shawara, sai ya kira kowa da sunansa ya ji ta bakinsa. Wata Juma'a muna shan shayin karak a kasuwar Souq Waqif, turaren wuta na tashi daga shagon gefe, wani babba a ƙungiyar ya kira shi daga gida. Baba ya ƙara murya don mu ji.

"Alhaji, sa hannu kawai cewa 'yan Qatar suna bayan ɗan takararmu. Direbobi ne da masu gadi, wa zai tambaye su?"

Baba ya ajiye kofi. "Ranka ya daɗe, ni ma mai gadi ne. Ba na aron bakin mutum in ci masa albasa. Khalas, magana ta ƙare." Ya kashe wayar.

Wannan bawan Allah aka ari bakinsa yana kabari. Yau na tura wa shugabannin ƙungiyar ƙorafi da takardar shaidar rasuwarsa, kuma ba zan yi shiru ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya bi masa haƙƙinsa.