Asalin Ɗiyar Lumbardawa

Ni ban san boko ba sai da haƙorana na gaba sunka zube. Ajin yaƙi da jahilci na mata anka buɗe a garinmu, kusa da Filinge, na shiga don haushi: na gaji da miƙa takardar likita ana karanta mini kamar ba ni ce mai ciwon ba.

Autana shina Itali, tatsar shanu shi ke yi a wata jiha da ake ce wa Lumbardiya. Bayan girbi ya kira ni ya ce ya samu mata, ɗiyar mai shanun da shi ke wa aiki. Daɗi ya kashe ni. Amma ubansa ya rasu, maganar aure tana hannun ƙanen mijina, tsoho mai kan dutse. Ya ce ba ya raba goro kan macen da ba a san asalinta ba. A nan ƙasarmu ta Kurfai haka ake yi, kafin a sa rana sai an aika tsohuwa garin yarinya ta jiyo su wane ne kakanninta, daga ina sunka zo.

Tsohon ya ce mini, "To matata, ɗaura zane ki taka zuwa Itali ki binciko mana."

Wasan ƙanen miji ne, amma ya sosa mini rai. Na san ɗana. In baffansa ya ƙi, can zai yi aurensa shi kaɗai, kuma ba zai taɓa kawo ta gidanga ba.

Sai na tafi wurin malamarmu. Ta buɗe wayarta ta nemo labarin mutanen jihar da Faransanci, tana juya mini da Hausa, ni ina rubutawa da bik cikin kaye, littafina na aji. Kwana uku munka yi bayan an tashi aji. Kai, abin da kunnena ya ji! Ina daka ina maimaita shi.

Ran da tsohon ya komo daga kasuwar shanu ta Baleyara, na same shi a zaure bayan azahar, na zauna na buɗe kaye.

Ya ce, "Mi ne ne wanga kuma?"

Na ce, "Na je Itali na komo. Buɗe kunne."

Na karanta masa cewa Lumbardawa baƙi ne a Itali. Daga arewa mai nisa sunka taso, ƙasar sanyi. A faɗarsu, ƙasa ce ta yi musu kaɗan, anka kasa jama'a uku anka yi ƙuri'a, kashin da ta faɗa wa ya tashi. Ƴan'uwa biyu ke gaba, amma uwarsu ce mai shawara. Wurin nan sau biyu na karanta shi.

Ya ce, "Na ji tun na farko."

A hanya wasu mayaƙa sunka tare su, mazansu ba su da yawa. Sai matansu sunka kwance gashin kai sunka ɗaure shi ƙarƙashin haɓa, sunka jeru cikin maza da fitowar rana. Abin bautarsu ya gan su, ya tambayi ko su wane ne masu dogon gemun nan, ya ba su nasara. Ma'anar sunan nasu ke nan, masu dogon gemu, kuma mata ne sunka samo shi! Dariya ta hana ni ƙarasa layin.

Shi ko ya ɓata rai. "Subhanallahi. Azna ne ke nan."

Na ce, "Malam, kakanka da ya taso daga Adar, da carbi ya iso? Wa ke yanka baƙin bunsuru a gindin dutse?"

Ya yi tari ya ce in ci gaba.

Akwai wurin da malama ta ce ina iya tsallakewa. Ban tsallake ba, ni ba na ɓoyo a maganar aure. Na karanta masa cewa a cikin tafiyar sun ƴanta bayi da yawa don mayaƙansu su ƙaru, anka zama ɗaya.

Ya miƙe zaune. "To kin ji! Ita yarinyar daga wane ɓangare ta fito?"

Na faɗi gaskiya. Na ce ban sani ba, ita ma ba ta sani ba. An fi shekara dubu. Sun yi sarauta a ƙasar, sun yi auratayya da mutanen da sunka tarar, har yarensu sunka bari sunka ɗauki na wurin. Na ce, "Kamar danginmu na kudu da yanzu ba su jin komi sai Zabarmanci. Ai ka ba su ɗiyarka, ban ga ka tono kabarin kowa ba."

Na yi maza na karanta al'adarsu ta aure: safiyar da amarya ta kwana, ango na yi mata kyauta tata ta kanta, tana iya kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya mallaka.

Ya waiga wajen ƙofar cikin gida ya rage murya. "Wanga kam kada ki karanta shi a bakin rijiya."

Na ce, "Gobe da safe ma."

Can ya ce, "Wai tafiyar nan duka, da shanunsu sunka yi ta?"

Na nemo layin da yatsa. "Dangi dangi, da mata, da ƴaƴa, da shanu."

"Kuma har yau gidan suna tatsa?"

"Ɗanka ne ke tatsa musu."

Ya ce, "To ai makiyaya ne. Tun farko sai a ce mini makiyaya ne, ba a zo ana mini wa'azi da kaye ba. Ce wa yaron ya turo mini hoton shanun. Goro kuwa ran Lahadi, in kasuwar Filinge ta ci."

Na tashi da sauri don kada ya sake shawara, sai da na kai ƙofar gidana na ga takalmi ɗaya ne a ƙafata.