Motar da ta tsaya a Jiratawa

Maigidana mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Tsibiri. Sau ɗaya ya taɓa ganin jirgin ƙasa, yana yaro, lokacin da ya bi babansa Kano saida gyaɗa, amma ya yi shekaru yana zana shi a allo yana kwaikwayon kukansa, yara suna dariya.

Da ya aje aiki sai ya sayi wata tsohuwar motar kai burodi a Sabon Gari. Ya sa aka shimfiɗa katako a bayanta, muka ɗora katifa, ya ɗaure ƙaramin murhun gas a gefe. Ni na ɗinka labulen taga da ragowar atamfar zumuntar mata. Mutanen majami'armu suka riƙa tsokanarsa, wai ya gina gida da taya.

Shirinsa shi ne mu zaga ƴaƴanmu, mu kwana duk inda rana ta faɗi. Amma da fari sai mun ratse Najeriya, don ya ji akwai gidan da ake aje tsofaffin kawunan jirgi, har ana barin mutum ya hau.

"Maman yara," in ji shi, "sai kin taɓa ƙarfen nan da hannunki, ki san ba ƙarya na yi ta hwaɗa wa ɗiyan mutane ba."

Muka tashi da hantsi ran wata Litinin. Na soya kaji, na cika jarka da ruwa. Muka ratsa Maraɗi yana ɗaga wa kowa hannu, har waɗanda bai sani ba. Daf da Jiratawa na ga motar tana cin gefen hanya. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya taka burki a hankali, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai na ga leɓensa ya karkace. Hannunsa na dama ya zame daga sitiyari ya faɗi kan cinyarsa.

Wasu masu aikin garka suka sheƙo. Su suka kama shi muka kwantar da shi kan katifar, ɗayansu ya ja motar ya maido mu asibiti a Maraɗi. Ina zaune a baya na riƙe kansa, kwanon kaji yana ta kaɗawa kusa da ƙafata. Idonsa biyu, yana kallon rufin motar, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Maganarsa ba ta dawo ba. Ya yi damina guda a gida, muna ba shi kunu da cokali. Da la'asar yakan nuna ƙofa da hannun hagu, sai ni da babban ɗanmu mu kai shi mu zaunar a kujerar direba. Ba ya yin komai, zama kawai, har sauro ya fara cizo. Ya rasu ana yankan hatsi.

Bayan zaman makoki ɗiyata ta ce in komo wurinta a unguwar Zariya cikin Maraɗi, kuma gidansu ba filin aje mota. Aka samu mai saye, wani mai ɗaukar kayan miya. Na so a ce batir ya mutu, ko wani abu ya ƙi, in samu ko mako guda. Mutumin ya murɗa makulli sau ɗaya motar ta tashi. Ya leƙo ta taga yana yi mini godiya, ɗiyata ce ta buɗe masa ƙofar gida.