Naira Biyar da Ƙafar Yaya Hajo

Talata, Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar na asuba na bar asibiti, warin ƙafar Yaya Hajo na bin rigata. Lauje ya sare ta wajen yankan shinkafa, aka cusa toka aka ɗaure, ciwon ya ruɓe har ƙwauri. Mijinta ya rasu, 'ya'ya uku, ba ta da kowa sai ni ƙanenta. Likita ya rubuta allurai na naira sittin, ya ce kada su wuce yau. Na biya ƙauyenmu Ambursa na ɗauko goran kamun kifi da ragar homa na marigayi, su kaɗai ya bari, in kai Argungu in sayar. Direban akori-kura ya caje ni naira biyu, goran naira ɗaya.

"Shi ma mazauni garai," in ji shi.

Argungu

Wajen kilomita hamsin, shingen 'yan sanda biyu, mun isa tara da rabi. A bakin gulbi wani tsohon masunci, Malam Ango, ya ƙwanƙwasa goran ya saurara.

"Sittin, ɗana."

"Tamanin, Baba."

"Mi kaka jira? Ba maras lahiya ka baro ba? Amshi ka tahi."

Ni ɗin da ba a taɓa kayarwa a ciniki ba, na ƙi. Na ce rarar za ta ciyar da yaran. Na yi ta yawo da gora a ka har magariba, babu wanda ya wuce hamsin. Malam Ango ya ba ni tabarma a zaurensa da tuwon shinkafa.

Laraba

Da hantsi wani ya ba da sittin da biyar. Har murna na yi, Allah Ya yafe mini. Motar ta yi faci bayan Ambursa, sai ƙarfe biyu na shiga asibiti da allurai a leda. Zanen da aka rufa mata ya kwanta daga gwiwa zuwa ƙasa. Zazzaɓi ya tashi, ruɓar ta haura, da safe aka yanke ƙafar. Likita ya ce wataƙila ko da allurar haka za a yi. Ban yarda ba, har yau.

Ta buɗe ido ta ce, "Ka dawo lahiya? Nawa anka saye?"

Gida

Bayan mako uku muka koma Ambursa, ita a bayan mota. Na gode wa Allah da Ya bar mana ranta, na gode wa Malam Ango da ya gaya mini gaskiya na ƙi ji. Naira biyar ɗin nan kafinta na ba, ya sassaƙa mata sanda.