Muryar da ke karatu a wayarmu

Jama'a, yau mijina ya gama da ni!

Kun san manhajar koyon karatu da makarantar 'yata Naomi ta sa mana a waya. Kullum tana nuna Naomi ce ta ɗaya a aji. Ba wanda ban gaya wa ba a Anguwan Rukuba.

Ɗazu malamarsu ta kira ni makaranta. Ta miƙa wa Naomi littafi. Ko layi ɗaya ta kasa karantawa!

Malama ta ce, "Maman Naomi, saurari abin da manhajar ta naɗa."

Muryar babanta ce, ya maƙe ta kamar ta yarinya! Yanzu sai Naomi ta maimaita aji.

Nan take na kira shi. "Baban Naomi, ashe kai ne?"

Ya ce, "Haba, kuka take yi in ta kasa karantawa. Amma dai na ci, ko?"