Zabuwar Mai Riƙon Amana

A gidanmu na Tsibiri ba a sakin yaro haka nan. Da wana zai koyi kanikanci a Sabon Gari, Baba da kansa ya kai shi, ya kama hannunsa ya sa cikin na mai gareji, ya ba da goro da kaza, ya ce, "Ga amana." Saboda haka da na samu bak, wato takardar gama lise, babbar sakandare, na ce ina son jami'a a Maradi, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya ga mutumin da zai damƙa ni a hannunsa, in babu, to babu karatu. Na kuwa san halinsa, in ya ajiye magana ba ya komawa ya ɗauke ta.

Damina ce, gero ya kai gwiwa, amma ya bar noma ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya ƙulle goro a ƙyalle, ya ɗaure zabuwa. Na roƙe shi ya bar zabuwar nan a gida, ko kallona bai yi ba. Tun daga tasha har ƙofar jami'a tana ta kwarmato, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wata ɗaliba ƴar Jiratawa ta ga muna ta waige-waige, ta ce bari ta zagaya da mu. Ta kai mu anfi, wani makeken ɗakin darasi mai benci hawa-hawa. Na shafa bencin gaba, na ji duk duniya ba abin da nake so irin in zauna a nan. Baba kuwa da muka fito ƙasa ya ɗiba ya murza, ya ce gyaɗa za ta yi kyau a wurin.

Sai ya tambayi ɗalibar, "Ɗiyata, in yarinya ba ta zo aji ba, wa ke sani?"

Ta yi dariya. "Baba, ai nan ba lise ba ce. Malami shi shigo, shi yi darasi, shi tahi. Ko sunanmu bai sani ba."

"In ba ta da lahiya hwa?"

"Sai ƙawaye."

Bai haƙura ba, sai da muka shiga ofishin rajista. Mutumin da ke ciki ya tashi ya gaishe shi da ladabi, ya saurare shi har ƙarshe. Amma da Baba ya fara kwance goro, ya ce shi suna kawai yake rubutawa, ba zai karɓi abin da ba zai iya riƙewa ba.

Muka zauna a inuwar itacen bedi. Na san an gama. Haushi ya cika ni, na Baba, na jami'ar, har na zabuwar. Na juya masa baya ina share hawaye da bakin hijabi.

Can ƴar Jiratawa ta sake wucewa da littattafai, tana sauri ita kaɗai. Baba ya bi ta da kallo har ta shige.

"Waccan, wa ke riƙe da ita?"

Na ce, "Ba kowa."

Sai ya juyo wajena. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwata yake kirana.

"Uwata, miƙo hannunki."

Na miƙa. Ya ɗora ƙullin goron a tafina, ya naɗe yatsuna a kai, ya rufe da nasa hannun.

"Na duba, ban ga wanda za ni ba ba. Ga amana. Ke za ni tambaya."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya miƙo mini zabuwar, tunda ta mai riƙon amana ce. Na rungume ta har Tsibiri, tana ta kwarmatonta a cikin mota, ban ƙara jin kunyar kowa ba.