Ranar da Yayata ta riƙe na'urar sauti

Shekarun baya kaɗan, aka kira ni in haɗa sauti a wani tsohon zauren wasan kwaikwayo da ke unguwar Jarwal a Makka. Ginin dutse ne, rufinsa katako, kuma tun a bakin ƙofa mai kula da shi ya gargaɗe ni: “Ko ƙusa ɗaya kar ka buga a bangon nan.”

Makarantar 'yan mata ce za ta yi wasan ƙarshen shekara a ciki. Yayata na koyarwa a can, ita ta ba da sunana. Kwana uku ina fama da amsa-kuwwa, kalma ɗaya sai ta dawo uku. Sai da na shimfiɗa dardumai, na dasa ƙananan lasifikoki a kan sanduna, sannan magana ta fara fita.

Abin da na manta shi ne taron na mata ne zalla. Ni da nake ji da kaina ana ce mini muhandis, wato injiniya, ba ni da wurin zama a ciki.

Yaya ta ce, “Nuna mini na'urar, zan riƙe.”

Na yi dariya. “Yaya, wannan fa ba rediyon Umma ba ne.”

“Yalla, nuna mini dai.”

Na nuna mata a gurguje, na ce ta bar wayarta a kunne, zan riƙa gaya mata abin yi.

Bayan la'asar aka fara. Ina tsaye a titi sai na ji lasifika ta ƙwala wata ƙara mai huda kunne. Na kira Yaya, waya ta ƙi shiga, kaurin bangon ya tare. Na yi ta zagaye ginin kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Wata uku yaran nan suna haddar wasansu, ga iyaye mata sun cika zaure.

Can ƙarar ta ɗauke. Ta tagar katako na jiyo muryar wata yarinya, tar da ita, har numfashinta ina ji. Aka yi dariya, aka tafa. Na jingina da bango na ce alhamdulillahi.

Da aka tashi na tambayi Yaya me ta taɓa. Ta ce, “Na ga yarinyar ta matsa kusa da lasifika, na rage makirfonta, na yi mata alama ta ja baya. Shekara nawa ina magana a aji, ai na san inda murya ke ɓacewa.”

Na ji kunya, don ban taɓa tunanin tana da kunnen wannan aiki ba. Yanzu duk taron mata da aka ba ni a Makka ita ke shiga, har ta koya wa malamai biyu. Ni nakan kai kaya, in haɗa, in koma mota in jira, hankalina kwance.